Zangon Karatun Da Na Ɓoye Miki

Abakpa, Kaduna.

Zuwa ga 'yata Walida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa lokacin da za ki buɗe wannan takarda kin sauka lafiya, kin ga ɗakinki, kin yi sallah, kin ci abinci. Allah Ya tsare min ke daga sharrin hanya da sharrin masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki.

Kin san ni da baki, ba na rasa abin faɗa, amma akwai maganar da in na fara ta ina kallon idonki ba zan kai ƙarshenta ba. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Ranar da takardar tallafin karatunki ta iso, Abbanki har sujada ya yi a tsakar gida. Ke kuwa kika ture kwanon tuwo kika ce, "Mami, can fa ba jami'a ba ce, gidan kaso ne mai na'urar sanyaya ɗaki. Ni inda su Asma'u ƙawata za su nake so, jami'ar da kika yi." Na yi dariya ban ba ki amsa ba. To ga amsar yanzu. Ni na zauna a iri biyun nan duka, babbar jami'ar gwamnati da ƙaramar jami'ar masu hali, kuma kowacce sai da na yi tuntuɓe a cikinta. Ba labarin ji nake ba ki ba.

Gaskiyarki, jami'ar da na fara yi tana da daɗi. Gari ce guda. Ɗakin da aka yi wa mutum huɗu mu tara ne a ciki, katifa a ƙasa, akwati a ƙarƙashin gado, risho uku a baranda. Tukunya ɗaya muke ɗorawa. Mai shinkafa ta kawo, mai manja ta kawo, wadda ba ta da komai ta wanke kwano, kuma ba mai yi mata gori. Zauren lakca kuwa sai kin yi sammako kin ajiye littafi a kan benci, in ba haka ba ta taga za ki ji malami. Malamin bai san sunanki ba, ba ya kuma neman sani. Abin da kika koya rabinsa daga 'yan'uwanki ɗalibai ne, a gindin bishiya, wani ya tsaya ya yi bayani da alli a jikin bango. Lokacin da zazzaɓin taifot ya kwantar da ni a shekarata ta biyu, wata Larai 'yar Zonkwa, wadda ba addininmu ɗaya ba, ita ta goya ni a bayanta har asibitin makaranta, ta kwana huɗu tana dama min kunu. Irin wannan zumunci ban sake ganinsa a ko'ina ba, kuma ba zan rage masa daraja don in lallashe ki ba.

Amma a can na yi kuskurena na farko. Ban iya cewa a'a ba. Kowa da matsalarsa sai ɗakinmu, har aka sa min suna Uwar Marayu, ni kuma sunan yana min daɗi. Wadda ta yi faɗa da saurayi, ni. Wadda za a raka kasuwa, ni. Wadda ta yi barci ba ta zo aji ba, ni zan sa mata hannu a takardar halarta. A shekara ta uku, saura kwana uku mu rubuta jarrabawar da kowa a sashen haɗa magunguna yake tsoro, wata 'yar ɗakinmu ta ce yayarta za a kai ɗaki a Funtuwa, kuma ba ta da mai taya ta aikin abinci. Na ce karatun ai na yi shi. Muka tafi, na kwana biyu a bakin murhu, na dawo ido ya yi jawur, na zauna gaban takarda kaina fayau. Na faɗi, kuma faɗuwar ta ja min maimaita shekara guda.

Kakanki, Allah Ya jiƙansa, a rumfarsa ta Babbar Kasuwa na same shi, yana lanƙwasa kwanon rufi yana haɗa masaki. Na faɗa masa. Bai ɗago ba sai da ya gama bugun da yake yi. Ya ce, "Bilki, su waɗanda kike yi wa hidimar, mutum nawa suka faɗi tare da ke?"

Na ce, "Babu ko ɗaya, Baba."

Ya ce, "Ita mai bikin fa?"

Na ce, "Ta ci."

Ya ce, "To." Ya ci gaba da aikinsa. Wannan "to" ɗin ya fi min bulala ciwo.

Don haka, Walida, ki koyi cewa "ba yanzu ba". Ba rowa ba ce, ba girman kai ba ne. Ke ma kina da wannan halin nawa, na gani tun kina firamare kike dawowa da kwanon abinci wayam kina cewa kin ƙoshi. Ki yi alheri, amma ki fara sauke abin da ya kai ki.

Da a ce na koyi darasin nan gaba ɗaya, da wasiƙar ta tsaya a nan. Ban koya ba.

Kina da shekara shida lokacin da wurin aikinmu ya tura ni digiri na biyu a wata ƙaramar jami'a mai zaman kanta a kudu. Kin tuna, lokacin da kuka koma hannun Gwaggonki. An ce miki shekara ɗaya zan yi, sai na yi shekara da rabi, muka ce muku karatun ne aka tsawaita. Ba tsawaita shi aka yi ba. Hukunci aka yi min. Ban da Abbanki ba wanda ya sani a gidan nan, sai ke yau.

Ranar da na shiga ƙofar makarantar nan na ɗauka asibitin Turawa na shigo. Ciyawa a gyare, ko leda ɗaya babu a ƙasa, ga shiru kamar ana zaman makoki. Ko'ina sai da katin shaida. Mutum biyu a ɗaki, kowa da teburinsa. An hana girki, sai dai ki je ɗakin cin abinci ki miƙa kati a zuba miki. Mu goma sha huɗu ne a aji, malama ta san sunan kowa tun makon farko, kuma in kika yi shiru sai ta ce, "Bilkisu, ke me kika gani? Kin yarda da abin da na faɗa?" Ni da na taso inda musu da malami rashin kunya ne, sai in sunkuyar da kai. Yaran kuma, yawancinsu na girme su da shekara goma. Su wuce ki da abin jin sauti a kunne, su ɗaga miki yatsu biyu, shi ke nan an gaisa. Ba mai aron gishiri, ba mai leƙo ɗakinki ya ce kin tashi lafiya.

Cikin mako biyu na yanke musu hukunci. Na ce nan ba mutane, sai 'yan madara da iyayensu suka saya wa digiri. Wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma shi ya haifi na ukun. Na auna gidan wani da mudun gidanmu, da na ga bai cika ba sai na ce ba hatsi.

A ajinmu akwai wata Sa'adatu, ma'aikaciyar lafiya daga Rigachikun, ita ma wurin aikinta ne ya turo ta, mai 'ya'ya huɗu. Da na ji ta amsa waya da Hausa kamar in rungume ta. Daga ranar muka manne wa juna. Kujerar baya muke zama, tare muke cin abinci a lungu, muna gulmar yaran da Hausa muna dariya. Wani ɗan littafin dokoki da aka raba mana ranar rajista, aka sa muka sa hannu cewa mun karanta, ni a kansa nake ɗora kofin shayi. Ko shafin farko ban buɗe ba.

Ana cikin zango na biyu ɗan Sa'adatu mai ciwon sikila ya kwanta asibiti. Ta tafi Kaduna ta yi mako biyu. Ta dawo a rame, saura kwana uku a miƙa wani babban rubutu da ke ɗauke da rabin makin kwas ɗin. Ni na gama nawa. Ta zauna a bakin gadona ta ce, "Yaya Bilki, ko layi ɗaya ban rubuta ba. Ki ba ni naki in ga yadda kika tsara shi."

Ko daƙiƙa ɗaya ban yi tunani ba. Na tura mata shi gaba ɗaya. A inda na fito, wanda ya hana ɗan'uwansa irin wannan taimakon sunansa mugu. Ba zan yi miki ƙarya ba, can ɗin ma haramun ne a doka, sai dai malami ɗaya da takarda ɗari biyar ba shi da idon gani, mu kuma muka mai da rashin kamun ya zama halas. Sa'adatu ga gajiya ga tashin hankali, ta canza 'yan kalmomi, ta sa sunanta ta miƙa.

Bayan kwana goma saƙo ya shigo mana mu biyu. Na'urar da suke tace rubutu da ita ta nuna aikinmu kusan ɗaya ne. Ana neman mu gaban kwamitin ladabtarwa ranar Litinin.

Walida, ina da shekara talatin da biyar, da aure, da 'ya'ya biyu, da mutanen da nake shugabanta a wurin aiki, na zauna a matakalar laburare da rana tsaka ina kuka kamar yarinya. Abin da nake hangowa shi ne a kore ni, takarda ta je ofishinmu, in dawo Abakpa in ce wa Abbanki me.

A nan wata yarinya 'yar ajinmu ta same ni, sunanta Bisola. Cikin duk yaran ita muka fi yi wa dariya, don direba ne yake kawo mata kayan wanki daga gida duk Asabar. Ta cire abin kunnenta ta zauna kusa da ni a ƙasa, da farin wandonta. Da Turanci ta ce, "Anti, me ya faru?" Ban san dalili ba, na kwashe komai na faɗa mata.

Da na gama sai ta ce, "Amma me ya sa Anti Sa'adatu ba ta rubuta wa malama cewa ɗanta yana asibiti ba?"

Na ce, "Ta rubuta ta ce me? Wa zai saurare ta?"

Ta buɗe wayarta ta nuna min shafi a cikin littafin dokokin nan. Ga shi a rubuce ɓaro-ɓaro: ɗalibin da rashin lafiya ta same shi, ko ta sami wanda yake kula da shi, ya sanar, za a ƙara masa lokaci. Ta ce, "Ni ma an ƙara min bara da aka yi wa babana aiki. Layi uku kawai na rubuta."

Layi uku. Wallahi na fi jin zafin wannan a kan takardar kwamitin. Ashe wurin yana da tausayinsa, ƙofarsa ce daban. A jami'ata ta farko tausayi yana hannun 'yan ɗakinku, hukuma ba ruwanta da ke. A nan kuwa tausayin yana ofis, a rubuce, sai dai ba ya zuwa ya same ki, ke za ki je ki ƙwanƙwasa. Mu kuma muna kujerar baya muna dariya.

Ranar Lahadi Sa'adatu ta zo ta same ni. Ta ce, "Yaya Bilki, ni na riga na nutse. Gobe ki ce ba ki san na ɗauka ba, ki ce kin bar kwamfutarki a buɗe na kwafa. Zan amsa haka. Kada mu tafi mu biyu."

Ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ta karkata. Na kira Abbanki na faɗa masa duka, har da shawarar. Ya ce, "In kin dawo ba digiri, gidanki yana nan. In kin dawo da digirin da kika ɗora wa baiwar Allah sata, ke za ki zauna da shi, ba ni ba."

Mutum biyar ne a kwamitin, har da malamar kwas ɗin da wakilin ɗalibai. Ba tsawa, ba zagi, har ruwa aka ba mu. Shugaban ya ce, "Ke kika ba ta, ko ɗauka ta yi ba da saninki ba?" Sa'adatu ta buɗe baki, na riga ta. Na ce, "Ni na tura mata da hannuna. Ɗanta ba shi da lafiya, na ga kamar taimako ne."

Malamar ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce, "Bilkisu, duk Laraba daga ƙarfe biyu zuwa huɗu ina zaune a ofis, ƙofata a buɗe, don ku kaɗai. Wata bakwai ke nan, ba ki taɓa shigowa ba, ita ma haka. Me ya sa?"

Na ce, "Inda na yi karatu, ɗaliba ba ta zuwa ofishin malami haka kawai. Magana za a yi."

Ta ce, "Da kin tambaya ko nan ma haka ne."

Ni aka soke min kwas ɗin, aka ce in maimaita, shi ne zangon da na ƙara. Sa'adatu aka dakatar da ita shekara guda. Wurin aikinta suka janye tallafinsu, ba ta sake komawa ba. Wannan shi ne abin da har yau yake min nauyi. Da na ce mata "a'a, zo mu je wurin malama", da yanzu tana da digirinta. Taimakon da na yi mata shi ya raba ta da karatun.

Saboda haka ki karanta littafin dokokinku tun daga bango har bango kafin ki san hanyar ɗakin cin abinci. Aikinki kada ki tura wa kowa, ko 'yar Abakpa ce, ko kuka take yi. Ki zauna da ita ki yi mata bayani da baki, ki raka ta ofishin da ya dace, ki tsaya a bakin ƙofa har ta fito. Ofishin malamai kuma ki je a lokacin da suka ware, da tambayarki a rubuce, ƙofa a buɗe. Ke yarinya ce mai hankali, kin san bambancin malamin da yake koyarwa da wanda yake neman wani abu, in kin ga na biyun ki tashi ki fita ki kira ni. Amma kada tsoronsa ya hana ki amfanar na farkon.

Abin mamaki, zangon hukuncin nan shi ne mafi albarkar karatun da na taɓa yi. Na koma kujerar gaba. Ranar da na fara ce wa malama ban yarda ba, don abin da littafi ya ce ba haka yake a asibitocinmu na karkara ba, na ɗauka faɗa za ta yi min. Sai ta ce, "Madalla, zo gaba ki faɗa musu." Yaran suka yi ta rubuta abin da nake faɗa. Ashe duk watannin nan ina riƙe da abin da ba su da shi, na zauna a kansa.

Na kuma san su. Ba 'yan madara ba ne duka. Wasu suna karatu kamar ransu zai fita, don an faɗa musu nawa ake kashewa a kansu. Bisola tun tana shekara tara mahaifiyarta ta rasu, kayan wankin da muke wa dariya kakarta ce take dagewa a kai mata gida, don ta sami dalilin aiko mata da abinci.

Kada kuma ki ɗauka aljanna za ki. Wurin yana da ciwonsa. Akwai gasar waya da sutura, akwai masu tambayar waye babanki kafin su tambayi sunanki. In an tambaye ki, ki ce malamin makaranta ne, ki faɗa da ƙarfi yadda na bayan zai ji. Mafi muni kuma shi ne shirun nan. Wata yarinya a layin ɗakunanmu ta kwana uku ba ta fito ba, damuwa ta danne ta, ba wanda ya lura, don kowa yana ganin leƙa ɗakin wani shisshigi ne. A jami'ata ta farko ko yini ɗaya ba za ta yi ba sai an ɓalle ƙofar. Daga nan na ɗauki al'adar bin ɗakuna ranar Juma'a da yamma da robar dambun nama, in ƙwanƙwasa in ce na zo gaisuwa. Da farko kallona suke kamar na zauce. Kafin in gama, in na makara su suke biyo ni.

Wannan kam ki tafi musu da shi, don ke 'yar unguwa ce, kin san gaisuwa, kin san dubiya. Su kuma ki karɓi nasu, wato tambaya ba tsoro, kiyaye lokaci, da tsayawa a kan aikin hannunki. Asma'u za ta riƙa turo miki hotunan ɗakinsu cike da mutane ana dariya, ranki zai sosu, na sani. Ita ma ran da aka shiga yajin aiki ta dawo gida ta zauna wata da watanni, nata zai sosu. Kowacce da abin da ta samu da abin da ta rasa. Ba na shakka a kanki ko kaɗan. Kin fi ni nutsuwa a shekarunki, kin kuma tafi da abin da ni ban tafi da shi ba, wato labarin wadda ta riga ki faɗawa ramin.

Sallarki kada ki yi wasa da ita, ki nemi masallacin makaranta tun ranar farko, a nan za ki sami na kirki. In kuma kin yi kuskure, don za ki yi, ki kira ni a ranar. Ba abin da za ki faɗa min da zai girgiza ni, kin dai ji nawa.

Sa'adatu tana nan a ƙaramin asibitinsu na Rigachikun, yaron nata ya girma har yana koyon gyaran waya. Ba ta taɓa yi min gori ba ko sau ɗaya, ni ce dai nake jin nauyinta. Makon jiya na kira ta na faɗa mata inda za ki, na kuma nemi izininta in ba ki labarin nan, don ba nawa ne ni kaɗai ba. Ta yi dariya ta ce, "Ba ta mana, har da sunana." Har za mu yi sallama sai ta ce, "Yaya Bilki, ki ce wa Walida ta ƙarasa mana."

To kin ji saƙo, na isar.

Allah Ya yi miki albarka. Ya buɗe ƙirjinki, Ya tsare mutuncinki, Ya kare ki daga abokan banza da son zuciya. Allah Ya sa ki shiga lafiya ki fita lafiya, Ya maido min ke da ilimi mai amfani da halin da na san ki da shi. Na ba Allah ajiyarki, Shi da ajiyarsa ba ta ɓata. Abbanki da ƙaninki suna gaishe ki.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Mami.